Mackaya bella ba ta son rana

Yau a birnin Durban na Afirka ta Kudu na ga an jera Mackaya bella, wata ƙaramar itaciya mai fure, a jikin wata katanga, rana na dukanta tun hantsi. Ganyen da ya kamata ya yi kore shar duk ya koma ruwan ɗorawa, abin ya dame ni. 'Yar kurmin KwaZulu-Natal ce, lardin da Durban take, a gindin manyan itatuwa bakin rafi take fitowa.

Inuwa take so. In za a dasa ta: rami santimita 50, ruɓaɓɓen taki, busasshen ganye a gindi don danshi ya zauna, tazarar mita 1.5 tsakanin shuka da shuka. Kada a rage mata rassa sai farin furen nan mai jijiyoyin shunayya ya kaɗe, in ba haka ba an yanke furen bana. A nan Afirka ta Kudu gefen kudu na katanga ne mai inuwa, can ya kamata a mayar da su.