Yadda muka fasa lamba mai alƙaluma 20 da alli

Ina koyar da 'yan sakandare lissafi da yamma a Tudun Wada, nan Kaduna. A zangon da ya wuce na kawo musu tsohon lissafin nan na allon ches mai gidaje 64, wanda masanin tarihi Ibn Khallikan ya ambata tun 1256: a sa ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har ƙarshe. Ƙwaya nawa ke nan gaba ɗaya?

Yara suka rarumi kalkuleta, ita kuwa ta ba su 1.8446744 da wata 'yar 19 a gefe, sauran ta haɗiye. Na ce a ajiye ta, a tara gidajen farko da hannu. Aka samu 1, 3, 7, 15, 31. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu: "Malam, ai kullum saura ɗaya ya cika gidan gaba." Shi ke nan ta buɗe mana ƙofa. A jera 2 guda 64 a ninka su, a cire ɗaya, amsa ta fito: 18,446,744,073,709,551,615. Wannan ita ce cikakkiyar lamba mafi girma da kwamfuta ke iya ajiyewa kai tsaye a gurbi mai bit 64, wato gurabe 64 da kowanne ke ɗaukar 0 ko 1.

Girmanta bai dame ni ba kamar abin da ke cikinta. Ta ƙare da 5, don haka 5 na raba ta. Mun tara alƙalumanta muka samu 87, wato 3 na shiga, 9 ba ta shiga. Daga nan dabarun aji suka ƙare, kuma gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya tamkar kwashe kogin Kaduna ne da ludayi.

Sai muka koma kan ƙananan 'yan uwanta, wato jimillar gidaje 4, 8 da 16 na farko. 15 ita ce 3 sau 5. 255 ita ce 15 sau 17. 65,535 ita ce 255 sau 257. Kowacce tana tsagewa gida biyu, tsakaninsu bambancin 2 kacal. Da muka bi wannan sawu, babbar lambar ta zubo da 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297. Biyar ɗin farko ba mai raba su sai 1 da su kansu. Ta shidan ce mai labari. Tun wajen 1640 Fermat, masanin Faransa, ya ɗauka ita ma haka take, har sai da masanin lissafi Euler ya nuna a 1732 cewa 641 na raba ta.

Na ce su gwada da kansu. Doguwar rabawa ce, allo ya cika, wani yaro har gwiwar hannunsa ta yi fari da alli. Da ya kai layin ƙarshe ya ga 6,700,417 babu saura, ajin ya kaure da kabbara.

Tun daga ranar, idan na kawo babbar lamba, nakan fara tambayarsu yadda aka gina ta kafin kowa ya taɓa kalkuleta, domin ta nan ake samun inda za a tsaga ta. Na kuma lura cewa yaron da ya raba da hannunsa ba ya manta 641.

Yanzu 6,700,417 muka sa a gaba. Littattafai sun ce ba ta rabuwa, yaran sun ce sai sun gani da idonsu. Gwajin zai tsaya ne a 2,588, domin 2,589 sau 2,589 ya riga ya wuce ta, kuma na riga na raba musu lambobin rukuni-rukuni.