Darasin ƙari na 'yata

An saka 'yata a shirin darasin ƙari da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Da aka gwada ta, ashe tana aji uku tana gane haruffa, amma haɗa su su zama kalma ya gagare ta. Aka haɗa ta da 'yan yara masu irin matsalarta, ba a duba aji ko shekaru ba. Mu iyaye kuma aka ba mu namu aikin: kullum ta karanta mana shafi ɗaya a fili, kada mu yi saurin gyara mata. Wallahi wannan ya fi wuya, baki har ƙaiƙayi yake! Sai dai a taron iyaye duk a takarda aka raba bayanin. Waɗanda ba su iya karatu ba fa, wa zai yi musu?