Talata: Uwar Garken Legas da Wayar Siriyal

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau ban gama karin kumallo ba wayata ta fara ƙara. Ɗaya daga cikin uwayen garken da muke kula da su, wato kwamfutocin da suke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa, wadda take ajiye a wata cibiyar adana bayanai a Legas, ta ƙi dawowa bayan an sake kunna ta da asuba domin ta ɗauki sabon kanel na Linux, wato zuciyar babbar manhajar da take tafiyar da na'urar. Na gwada shiga ta SSH, hanyar da ake shiga na'ura daga nesa ta intanet, kamar kullum, amma babu amsa ko kaɗan. Ni kuwa ina Kano, tsakanina da ita kusan kilomita 1,000, kuma ma'aikatan kamfanin da suka ba mu amanarta sun fara isa ofis suna jiran bayanansu.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne akwatin konsol da muka girka a can bara, wanda 'yan sana'a suke kira tamina saba. Konsol shi ne inda na'ura take nuna saƙonninta take kuma karɓar umarni kai tsaye. Ƙaramar na'ura ce mai kafofi 16, kowace kafa an ja mata waya zuwa tashar siriyal ta wata uwar garke ko wata na'urar sadarwa, wato mahaɗar da take aika bayanai bit ɗaya bayan ɗaya, sannan tana da layin sim nata na daban, ta yadda ko hanyar intanet ɗinmu ta yanke gaba ɗaya ana iya isa gare ta. Na shiga akwatin, na zaɓi kafa ta bakwai, sai allon ya cika da baƙaƙe marasa ma'ana. Wanda ya jima a wannan aiki ya san cewa wannan alama ce ta rashin daidaiton gudu. An bar kafar a kan bit 9600 a daƙiƙa, gudun da na'urorin sadarwa na kamfanin Cisco suke zuwa da shi, alhali uwar garken tana magana a kan 115200. Da na daidaita su, na tabbatar da bit takwas, babu bit na tantancewa, bit ɗaya na tsayawa, sai rubutu ya fito sarai.

Ashe na'urar lafiyarta ƙalau, ta tsaya ne a yanayin gaggawa tana neman kalmar sirri ta babban mai iko. Akwatin yana adana duk abin da kowace na'ura ta furta ta wayarta, don haka na koma baya na karanta yadda abin ya faru daki-daki. Systemd, mai tsara tashin na'ura a Linux, ya jira wani faifan ajiya har daƙiƙa 90, bai gan shi ba, sai ya ƙi ci gaba, kuma a wannan mataki ba a kai ga tayar da hanyar sadarwa ba, shi ya sa SSH bai amsa ba. Faifan kuwa an canza shi makonni biyu da suka wuce, aka haɗa sabon da hannu, ba a gyara lambar shaidarsa ta UUID a cikin fstab, fayil ɗin da yake lissafa faifan da za a haɗa yayin tashi, ba. Na nemo sabuwar lambar da umarnin blkid, na rubuta ta, na ƙara kalmar nofail domin kada rashin faifan ya sake hana na'urar tashi, tun da na ajiyar kwafi ne, na sake kunnawa ina kallon kowane layi yana wucewa. Kafin ƙarfe tara komai ya koma daidai.

Matashin da muke horarwa yana gefena duk wannan lokaci. Ya ce, "Injiniya, me ya sa har yanzu ake riƙe da wannan tsohuwar waya, ga IPMI yana nan?" Na ji daɗin tambayar. Na gaya masa cewa RS-232, ƙa'idar da wayar siriyal take bi, ta samo asali tun shekarun 1960, kuma ƙarfinta yana cikin ƙarancin buƙatunta: ba ta neman adireshin IP, ba ta jiran kowace manhajar sadarwa, wayoyi uku ma sun ishe ta, ɗaya ta aika, ɗaya ta karɓa, ɗaya ta ƙasa. IPMI, tsarin da ake sarrafa uwar garke da shi daga nesa ko da babbar manhajarta ta tsaya, yana da amfani sosai, har yana iya ɗauko konsol ɗin siriyal ta hanyar sadarwa, sai dai idan na'urar da take raba hanyar ce ta faɗi, shi ma ya tafi tare da ita. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a ganina duk wanda ya ajiye na'ura a nesa ba tare da wannan ƙofa ba ya ɗora wa kansa kasadar da ba ta zama dole ba.

Na kuma ja masa kunne game da siginar break, wata alama ta musamman da ake aikawa ta wayar siriyal. A Linux, idan an ba da izini, aika ta sannan a danna harafi cikin daƙiƙa biyar yana isar da umarnin gaggawa na SysRq kai tsaye ga kanel, abin da yake ceto a ranar da na'ura ta daskare. A tsofaffin na'urorin kamfanin Sun kuwa, wannan sigina tana dakatar da babbar manhaja nan take, har an sha samun wuraren da kashe akwatin konsol kaɗai ya tsayar da duk na'urorin da suke jone da shi.

Bayan azahar muka bi sauran kafofin ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da muka tarar ya dame ni. A uwayen garke uku an rubuta console=ttyS0, wato tashar siriyal, a GRUB, manhajar da take tayar da kanel, amma an sa console=tty0, wato allon na'urar, a bayansa. Na ƙarshe shi ne yake zama babban konsol, wato da ɗayansu ce ta faɗi yau, da na ga saƙonnin kanel suna wucewa amma wurin shigar da kalmar sirri ya tafi allon da babu kowa a gabansa a Legas. Mun juya tsarin a dukkansu, sai dai ban yarda da gyaran da ban gwada ba. Na nemi izinin sake kunna su a daren Asabar, lokacin da aiki yake raguwa, kuma matashin ne zai zauna a gaban konsol ɗin, ni ina kusa da shi.