Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Na hana ki fitar magariba

Makon jiya na tsaya a daren da na haifi 'yata ta biyu a ɗakin Inna. Iya ungozoma ce ta karɓi haihuwar, kamar ta farko. Har yau ina ganin yadda ta ɗaga mabiyiyar daga kasko, tana juya ta a hasken fitilar ƙwai don ta ga ko ta fito cikakkiya. Faffaɗa ce kamar faifai, gefe ɗaya sumul, ɗayan kamar hanta. Ta ce, "Alhamdu lillahi, uwar ma ta sauka." Sai da ta kifa jaririyar za ta yi mata wanka ta yi shiru. A ƙasan gadon bayanta akwai ƙullutu kamar ƙwan kaza, fata ba ta rufe shi ba.

Da safe Hajiya, uwar Malam, ta zo barka. Ta duba, ta mayar da zanen, ta ce, "Ai na hana ki fitar magariba." Shi ke nan. Ko sannu.

Wannan maganar na ɗauka na yi wankan jego da ita, na sha kunun kanwa da ita. Shekarun da suka biyo baya ba zan iya jera muku su ba. Na dai san na koma karatu, Goggo ta riƙe min babbar, na shiga makarantar koyon aikin lafiya. A can malamarmu ta kawo mana mabiyiya a faranti daga ɗakin haihuwa. Nauyinta wajen rabin kilo, igiyar cibiya da jijiyoyi 3 a ciki. Ta ce ita ce huhun ɗa, ita ce tukunyar abincinsa, ta nan yake fitar da dattin jikinsa, kuma jininsa da na uwa ba sa gauraya. Amma ba komai take tacewa ba. Giya na wucewa, cutar rubella mai kama da ƙyanda na wucewa, haka maganin farfaɗiya irin valproate. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa a cikinta take maƙalewa, shi ya sa ake ba masu ciki Fansidar a wurin awo.

Ranar da aka zo kan spina bifida, wato irin ƙullutun bayan da aka haifi 'yata da shi, na kasa riƙe biro. Bututun da zai zama laka yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, mace ma ba ta tabbatar ta yi ɓatan wata ba, mabiyiyar kanta ba ta gama kafuwa ba. Ƙarancin bitamin ɗin da ake kira folic acid na daga manyan dalilan da ke hana bututun rufewa, shi ya sa ake so mace ta fara shan mikrogiram 400 kullum tun kafin ciki. Ni kuwa sai a wata na 5 na fara awo, shi ma da roƙo, don Hajiya ta ce ita da ta haifi 9 wa ya taɓa auna ta.

Na hana ki fitar magariba. Sau nawa ma na fita? Sau ɗaya, ɗebo ruwa, ciki ya riga ya tsufa.

Na so in je in zauna gabanta in yi mata bayani, ban samu ba, ta rasu ina shekarar ƙarshe. Allah Ya jiƙanta, na yafe, amma maganar ba ta bar ni ba. Duk macen da ta zo min awo sai na tambaye ta ko tana da ƙanwa mai shirin aure, in ce ta turo min ita.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda ni da Malam muka ɗauki yarinyar zuwa Kano tana da kwana 4.