Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Minti Arba'in Ba Murya

A kashin makon jiya na tsaya da labarin a inda na sauka Memphis, a jihar Tenesi ta Amurka, da kyamara ɗaya, makirfo na aro da batir biyu. Ba furodusa, ba mai riƙe mini fitila. Ni ne darakta, ni ne mai ɗauka, ni ne kuma ɗan dakon kayana.

Masu kwasar shara baƙar fata na je nema, waɗanda suka yi yajin aikin 1968. A ranar 1 ga Fabrairun shekarar, Echol Cole da Robert Walker suka fake wa ruwan sama a bayan motar shara, injin matse shara ya tashi ya murƙushe su. Ranar 12 ga wata kusan mutum 1,300 suka ajiye aiki. Magajin gari Henry Loeb ya yi kunnen ƙashi. Wannan yajin ne ya kawo Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, garin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu. Duniya ta san King. Ni kuwa waɗanda suka ɗauki sharar nake so.

Sai da na yi mako uku ina zirga-zirga kafin wani dattijo ya yarda na shiga falonsa. Ya gaji da 'yan jarida, in ji shi, kowa ya zo sai ya tambaye shi King, a ɗauki hoto, a kama gaba. Na ce, "Baba, ni aikin nake so ka ba ni labari." Ya daɗe yana kallona.

"Zauna, ɗana."

Bai taɓa ce mini yaro ba, ko da wasa. Daga baya na gane dalili: da wannan kalmar Turawan da ke kansu suke kiran magidanta masu furfura. Shi ya sa allunan yajin suka ce "Ni mutum ne", ba ƙari.

Da na kunna kyamara sai ya miƙe, ya cire hula. Ya sunkuya kamar mai ɗaukar wani abu daga ƙasa, ya ɗaga hannu biyu ya aza a ka. A wancan zamanin har bayan gidaje suke shiga, su juye shara a baho, su ɗauko a ka zuwa mota. Bahon ya huje, ruwan ruɓa na bin wuya, tsutsa na shiga riga. Ba wurin wanka a wajen aiki. Ya ce a bas mutane kan matsa su bar masa kujera, a gida kuma a bakin ƙofa yake tuɓe kaya kafin ya shiga. Nan muryarsa ta karye. Ni dai na ƙame, ko numfashin kirki ban yi ba, kada na ɓata ɗauka. (Mai kyamara mugu ne ta wannan fuskar: mutum na hawaye, kai kana lissafin haske.)

Da dare a masauki na zuba kati a kwamfuta, na sa abin ji a kunne. Shiru. Na ƙara murya har ƙarshe. Shiru. Wayar makirfon ce ba ta shiga raminta da kyau ba, kuma ni da kaina na ƙi sa abin ji lokacin ɗauka, wai don kada Baba ya ga kamar hankalina ba ya wurinsa.

Minti arba'in na hoto tar, ba kalma ko ɗaya. Na kalle shi sau uku a haka: bakin Baba na motsi, hannuwansa masu kanta na riƙe da bahon da babu shi, wuyansa ya karkace kamar har yanzu nauyin na nan.

Kuɗin masaukina na kwana biyu ne suka rage. Kuma da zan fito, a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya ce wannan labarin ko 'ya'yansa bai ba su ba, ba kuma zai sake faɗinsa ba.

Da ƙarfe tara na safe ina tsaye a ƙofarsa. Yadda muka kwashe, sai mako mai zuwa.