Waya mai kai biyu

Akwai aikin da ba na karɓa ko nawa za a ba ni, shi ne haɗa wayar nan mai kai biyu: fulogi a wannan ƙarshen, fulogi a wancan, a soka ɗaya a jikin janareta, a soka ɗayan a soket ɗin bango, wai gida duka ya kama. Sana'ata wayarin ce, a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura nake yawo da jakar kayan aikina, kuma da wuya in shiga gari ban tarar da irin wannan waya a rataye a ƙusa ba. Masu ita ba mugaye ba ne, yawancinsu ba su ma san abin da suka rataye ba.

Haɗarinta na kusa ido ma yana gani. Da zarar inji ya tashi aka soka kai ɗaya, ƙarafan ɗaya kan suna nan tsirara ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 230. In ya zame daga bango ya faɗo ƙasa, yaro mai rarrafe ne zai fara kai masa hannu. Amma abin da ya fi damuna shi ne haɗarin da ke fita waje, wanda mai gida ba zai gani ba.

Wutar da kamfanin KEDCO ke rarraba wa Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, wadda har gobe NEPA muke ce mata, tana zuwa ne a babban layi da ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000. Taransifomar gari ce ke sauke ta zuwa 415 a tsakanin layuka uku, kowane gida a ja masa layi ɗaya da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya sami 230 ko kusa da haka. To, waya ba ta san gaba da baya ba. Hanyar da wuta ta bi ta shigo ɗakinka, ita wutar injinka za ta bi ta fita: ta ratsa mita, ta hau falwaya, ta shiga gidajen maƙwabta. In ta isa taransifoma kuwa, ita ma aiki take ta kowane ɓangare, sai ta ɗaga 'yar wutar nan ta koma dubbai a kan babban layi.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Haba ɗan nan, wannan ɗan injin nawa da ko dutsen guga ba ya ja, shi ne zai ɗauki gari?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, ba zai ɗauka ba. Nauyin gidajen mutane zai shaƙe shi ya mutu. Amma kafin ya mutu fa? Wanda hannunsa ke kan waya ba ya buƙatar minti guda." Kuma ba kullum injin ke mutuwa ba. Idan iskar farkon damina ta tsinka waya, ya zama gida biyu ko uku ne kawai suka rage a guntun layin, injin zai riƙe su lafiya lau, tsinkakkiyar wayar da ke kwance a bakin hanya ta zama mai rai. A daidai irin wannan lokacin ne kuma ake yin karo-karo a kira mai gyara. Ya hau falwaya da la'asar, ya sa tasta ya ga babu komai, ya kama aiki hankali kwance. Ana kiran magariba wani a can bayan gari ya ja igiyar injinsa don yara su yi kallo. Mutumin da ke saman nan ɗan wani ne, mijin wata ne, sau da yawa ma ɗan garin ne da kuke sahu ɗaya a masallaci.

Wasu sukan ce ai su kullum sai sun zare katawut, wato fis ɗin da ke raba gida da layin NEPA, kafin su tayar da inji. Na yarda suna yi. Sai dai wannan dabara a kan tunawa ta dogara, kuma ba mutum ɗaya ke tayar da inji a gida ba. Ranar da maigida ya tafi kasuwar Gujungu dare ya yi masa, ɗansa ne zai ja igiya, shi kuwa ba ruwansa da katawut. In aka yi rashin sa'a NEPA ta kawo a lokacin, wuta biyu suka yi karo, kwayil ɗin inji ya tafi, wani lokaci har da talabijin da firiza, wani lokaci da gobara.

Maganin abin ɗan akwati ne da ake kira canjoba, ana samunsa a duk shagon kayan wuta. Hannunsa matsayi uku gare shi: sama NEPA, ƙasa janareta, tsakiya babu kowa. Kamar mai ban ruwa ne a fadama, ba ya buɗe wannan bakin sai ya toshe wancan. Ƙirarsa ce ta hana layukan biyu haɗuwa, ko da wanda ya ja hannun bai san komai game da wuta ba. Wurin zamansa bayan mita ne, kafin akwatin da ke raba wuta a gida, kuma ya zama mai yanke layi da nutural duka biyun. Na ƙaramin gida mai amfiya 32 ko 63 ya isa. Wayar da ta fito daga gare shi zuwa inji kai ɗaya gare ta, ɗaya ƙarshen a ɗaure yake a cikin akwatin. Kuɗinsa bai kai na sake naɗa kwayil ba.

Na ɗaura wa wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo irinsa. Damuwarta ɗaya ce: "Malam, in na koma kan inji, ta yaya zan san an kawo wuta? Kada in yi ta ƙona fetur a banza, ka san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023." Sai na ɗaura mata ɗan jan ƙwai a ɓangaren NEPA, sama da akwatin, yadda za ta hango shi daga madafa. Na nuna mata ta tayar da inji hannun yana tsakiya, ta bar muryarsa ta daidaita, sannan ta sauke hannun ƙasa. In jan ƙwai ya kama, ta mayar tsakiya, ta kai sama, sannan ta kashe inji. Na sa ta maimaita da hannunta, ita da babbar 'yarta, har na ga sun daina ɗari-ɗari.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Kada a ja wa inji siririyar wayar rediyo da aka yi wa ɗauri da leda. A sa mai kauri, aƙalla murabba'in milimita 2.5 ga ƙaramin inji, 4 ko 6 ga babba. Injin da aka rubuta wa 2.5 kVA abin da zai ɗauka bai wuce wat 2,000 ba, hita ɗaya ko dutsen guga kan cinye rabi, firiza kuma tana fizgar wuta ninki-ninki a lokacin tashi. A kafa ƙarfen as, wato wanda ke kai wutar da ta kauce hanya cikin ƙasa, a wuri mai danshi a ɗaura masa jikin injin. Kada a zuba mai yana aiki ko yana da zafi.

Sai hayaƙi, wanda ya fi wutar kanta cin rayuka a gidaje. Tsoron ɓarayi da ruwan sama ne ke sa mutane shigar da inji zaure ko shago su ja ƙofa, su kwanta a gefensa. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin nan, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji. Buɗe taga ba ya wadatarwa. A yi wa inji rumfar langa-langa a fili, nesa da ƙofofi da tagogi, bakin salansa yana kallon waje, in ana tsoron sata a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. In kuwa aka ga mutanen ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, alhali inji ya kwana yana aiki, kada a tsaya cewa zazzaɓi ne ko iska. A fito da su fili nan take, a kashe injin, a kai su asibiti, kuma a faɗa wa ma'aikatan lafiya cewa kusa da janareta suka kwana.