Kaɗi, mako na 11: mazarin da Kaka ta bari

'Yan'uwana masu koyon kaɗi, sallama gare ku. Yau mako 11 ke nan ina zama da mazari kullum idan na gama aikin gida, kuma a wannan makon ne na fara cika mazari guda zaren bai tsinke mini fiye da sau uku ba. Waɗanda muka fara tare za ku tuna yadda nake fama a farko, in ja ya gutsure, in haɗa ya sake rabuwa. Yanzu kaurinsa ya fara daidaita, ko da yake har yanzu ya fi kusa da abawa, wato zare mai kauri. Arafiya kam, wato siririn zare, sai a hankali.

Abin da ya gyara mini hannu ba sabo ba ne, tun ina yarinya Kaka take faɗa mini shi, Allah ya jiƙanta. Takan ce in bari murɗi ya shiga kafin in ja. A lokacin jin ta kawai nake yi. Sai yanzu na gane dalili. Gashin auduga gajere ne ƙwarai, yawancinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, ba kamar gashin tumaki ba da yake da tsawo kuma yake maƙale wa juna da kansa. Idan audugar ta bushe, kowane sili yakan shafe ya ɗan nannaɗe, to wannan nannaɗewar da murɗin da kuka ba shi su ne kaɗai ke riƙe zaren. Shi ya sa auduga take cin murɗi da yawa, shi ya sa kuma ake dasa gindin mazari a cikin 'yar tasa maimakon a bar shi yana lilo, don nauyinsa kaɗai ya isa ya tsinka zaren da bai gama ƙulluwa ba. Ni da sauri nake ja, hannuna yana gaba murɗi yana baya. Da na rage gaggawa, na riƙa murza mazarin sau biyu kafin in ɗaga hannu, sai zaren ya fara fitowa daga cikin audugar da kansa. Idan yatsunku suna santsi ku shafa alli, yana taimakawa sosai.

Kaka ta haura shekara 90 kafin ta rasu. Ta ga 'ya'ya, ta ga jikoki, ta goya tattaɓa-kunne. A shekarunta na ƙarshe idonta ya yi rauni har ba ta iya zura zare a allura, amma kaɗi bai gagare ta ba, don da yatsu take jin kaurin zaren. Ina iya ganinta yanzu: ƙafa a miƙe, tasa a gefe, hannu ɗaya yana tashi sama a hankali har ya wuce kafaɗa, sannan ta sauke shi ta naɗe abin da ta kaɗa. Babban yatsanta yana da wani kanta a gefe, wurin da sandar mazari ta yi shekaru tana gogawa. Idan ta riƙe hannuna nakan ji shi.

Ba don babu zaren inji take yi ba. Injin kaɗi ya girme ta nesa ba kusa ba, tun wajajen 1764 James Hargreaves ya ƙera nasa a Ingila, mai juya mazarai da yawa a lokaci guda, a 1793 kuma Eli Whitney ya fito da injin gurza, mai raba auduga da 'ya'yanta, a Amurka. Duk tsawon rayuwarta zaren masana'anta ya fi nata arha, ya fi nata santsi. Ita dai mahaifiyarta ce ta koya mata, ita ma mahaifiyar tata a wurin tata uwar ta koya, kuma Kaka ba ta yarda abin ya tsaya a kanta ba. Idan ta zaunar da mu muna cire mata angurya, sai ta riƙa lissafo mana matan gidanmu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta koya wa wadda, wadda zarenta ya fi na kowa siranta, wadda ba ta da haƙurin shiɓa, wato sassauta auduga kafin a kaɗa ta. Ta wannan hanyar na san sunayen kakannin da ban taɓa gani ba. Da a ce zaunar da mu ta yi don ta ba mu tarihi kawai, na tabbata da tuni mun manta.

Tun da na ambaci angurya, ga abin da ya ba ni mamaki da na fara gurza da kaina. Na sayi auduga mai 'ya'ya ina ganin ta ishe ni wata guda, ashe wajen kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce, gashin da za a kaɗa kashi ɗaya ne kawai. Wanda zai saya ya san da wannan. Kuma kada ku yi wa shiɓa rowar lokaci. Duk inda kuka ga kulli a zarenku, ku koma baya, za ku tarar a wurin shiɓa aka bar shi.

Akwai wata al'ada ta gidanmu da Kaka ta riƙe da ƙarfi: zaren farko na mai koyo ba a yar da shi. Duk muninsa sai ta karɓa ta naɗe shi a tsinke ta adana. Bayan rasuwarta, da muke kintsa kayanta, muka buɗe wani tsohon gwangwani muka tarar da su a jere, wasu sun yi ja-ja don daɗewa. Mahaifiyata ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu ta ce nata ne, tana 'yar shekara bakwai ko takwas ta yi shi. Duk kulli ne, wani wuri kamar igiya, wani wuri kamar zai rabu. Mahaifiyata da ban taɓa ganin zarenta ya karkace ba. Ta daɗe tana riƙe da shi ba ta ce komai ba. Nawa ma yana ciki, ɗan guntun da na yi kafin in watsar da abin in tafi makaranta.

A cikin kayan ne na samu mazarinta, da zare a jikinsa ya kai rabi, bakin zaren yana nan yadda ta bar shi. Tun ranar na ƙudura a raina ni zan cika shi. Na ƙi taɓa shi har sai hannuna ya ɗan faɗa, shi ne ranar Talatar nan na ɗauko shi. Na buɗe bakin zarenta, na ɗora audugata, na murza kamar yadda na saba. Sai na ga zaren Kaka yana kwancewa a idona, yana komawa auduga, har kusan taƙi guda ya zube a cinyata. Gabana ya faɗi. Na ajiye mazarin, ban sake taɓa shi ba a ranar.

Washegari na kai zaren nata da nawa bakin taga na miƙar da su a tsaye ina dubawa. A nawa, silin audugar sun karkata kamar tsakiyar harafin Z, wato abin da ake samu idan mazari ya juya yadda hannun agogo yake tafiya. A nata sun karkata ɗaya gefen, kamar tsakiyar harafin S. Nan take na tuna: Kaka bahaguwa ce. Da hagu take murza mazari, da dama take jan auduga. Shekara nawa ina zaune a gabanta ina kallo, ban taɓa kawo wa raina cewa hakan yana canja zaren ba. Duk murzawar da na yi, murɗinta nake warwarewa. Na yi kuka a wurin, na ɓarnar da na yi, da kuma na ganin hannunta ya fito fili a cikin zaren.

Ku riƙe wannan idan za ku ci gaba da zaren da wani ya fara, ko ma naku da kuka ajiye kuka manta: ku duba inda murɗinsa ya fuskanta tukuna. Haka ma wajen tufka. Zare biyu da za a haɗa dole murɗinsu ya zama iri ɗaya, sannan a tufke su ta ɗaya gefen. In kuka haɗa Z da S, ɗaya zai ƙara tauri ɗaya ya saki.

Da hannun dama ma ana iya juya mazari baya, na gwada, yana yiwuwa. Amma na zaɓi in koya da hagu yadda take yi. Kwana uku ke nan ina gwadawa a kan wani mazarin daban, kuma na koma kamar makon farko, mazarin yana tangaɗi a cikin tasa, yana faɗuwa, babban yatsana na hagu yana zafi. Jiya da dare dai na samu kamu huɗu a jere bai tsinke ba. Ba zan koma kan nata ba sai na cika mazari guda da hagun. Audugar da ta kwance daga zarenta na tattara ta na sa a takarda, ita zan fara mayarwa idan ranar ta zo.

Idan a cikinku akwai bahago ko bahaguwa, don Allah ku faɗa mini yadda kuke ajiye tasar, a gefen hagu ko a tsakanin ƙafafu, don tawa gudu take yi duk lokacin da na murza da ƙarfi.